Kwanon Ƙuba da Kwanon Zongo

Waɗanda suka raka mu filin jirgi sa'ad da za mu Umra a azumin 2024 sun roƙe mu abu biyu, addu'a da labari. Addu'a mun yi gwargwadon iko, Allah ya karɓa. Labari kuwa yana da yawa, amma wanda muka zaɓa mu sa a wannan takarda na cin abinci ne, domin gardamar da ta tashi a kan tabarmar nan har yau ba ta kwanta tsakaninmu ba. Muna so dattawa da samari su taya mu dubawa.

Mu takwas ne, daga Nima, da Sabon Zongo, da Kumasi. Wani dare bayan asham, wani Batakari haifaffen Madina, wanda kakansa ya taka da ƙafa daga ƙasar Hausa, ya ce lalle sai ya yi mana liyafa. Ya ɗebe mu a mota, muka wuce masallacin Ƙuba, watau kamar mil biyu daga masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, muka shiga wata gona. A tsakiyar gonar, ƙarƙashin itatuwan dabino, an shimfiɗa dardumomi, an rataya fitilu, ga mutane ƙungiya ƙungiya suna ci. Ashe gidan sayar da abinci ne. Mai wurin ya zo da kansa ya yi mana bayani, ya ce ganyen da za mu ci da safen nan aka tsinke shi a bayanmu, ba a sa masa takin zamani ba, ba a fesa masa maganin ƙwari ba. Ya ce ragon a nan aka yi kiwonsa. Aka kawo dabino ajwa na Aliya, da gurasa mai dusa, da zuma, da man shanu, da shayi mai na'ana'ar Madina wadda ƙamshinta ba shi da na biyu. Sa'an nan aka ajiye mana wani babban tulu mai sanyi, aka ce sobiya ce, haɗin gida.

Akwai wani saurayi cikinmu da ya yi shekaru a Hambog ta ƙasar Jamus. Da ya kurɓa sai ya yi dariya, ya ce ai ya san irin wurin nan. Ya ce a Turai da Amurka akwai ƙananan gidaje masu dafa giyarsu da kansu, kaɗan kaɗan, ba irin ta manyan masana'antu ba, suna haɗa ta da abincin gonakin kusa, suna rubuta sunan manomi a allo, masu kuɗi suna ta tururuwa. Ya ce abin ya yi ƙarfi a Amurka bayan 1978, shekarar da Shugaba Carter ya sa hannu a dokar da ta yarda mutum ya dafa giya a gidansa. Ya ce, "Ga shi yayin ya iso Madina, sai dai ya baro giyar a hanya." Baba Alhaji na Sabon Zongo, wanda ya riga ya kai kofi baki, sai ya dire shi, ya ce, "Yaro, me ka ce muke sha?"

To, tambaya ta fari ke nan, ita ce kuma mai sauƙi, ko da yake ita ta fi tayar da hankali a daren. Sobiya abin sha ne na mutanen Makka da Madina tun iyaye da kakanni, an fi yin ta da azumi. Sha'ir ake jiƙawa, ko busasshiyar gurasa, a tace, a sa sukari da kirfa da ɗan ƙamshin nan da suke kira hel, a bar ta ta kwana, sa'an nan a sanyaya. Akwai fara, akwai ja, akwai ta tsamiya. In an bar ta cikin zafi kwanaki sai ta juya, kamar yadda kunun zaƙinmu yake juyawa. Malaminmu na Kumasi ya tuna mana cewa a wannan gari aka haramta giya, har Anas ɗan Maliku, wanda yake shayar da mutane giyar dabino a gidan Abu Ɗalha, ya kwarar da ita a hanya da jin shela. A wannan gari kuma Annabi ya sha ruwan da aka jiƙa dabino ko zabibi a ciki, ranar da aka jiƙa, da kashegari, har maraicen kwana na uku, abin da ya wuce nan ba ya sha. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san an hana jiƙa irin wannan a cikin duma, don yana saurin juyar da shi. Ashe tun can iyakar a fili take: ana duban abin da ruwan zai yi wa hankali. Sha'ir ɗin da ya zama giya a Hambog shi ne ya zama sobiya a Madina, kamar yadda dawar da ake pito da ita a bayan zongo ita ce muke tuwo da koko. Ƙasar Saudiyya ma tun 1952 Sarki Abdul'azizu ya hana sayar da giya da doka. Mu kuma da muke ta ƙyanƙyami, wane biki ake yi a zongo ba a jera kwalaben Malta ba? Masu dafa giya ne suke yin ta, ba mu taɓa jin wanda ya tashi daga kujera saboda haka ba. Baba Alhaji ya ɗauki kofinsa ya shanye, ya nemi ƙari.

Da aka kawo takardar kuɗi sai gardama ta gaskiya ta taso. Mai masaukinmu ya so ya ɓoye ta, amma idon ɗan kasuwa ba ya kuskure lissafi. Abin da aka biya wa mutum guda a daren nan zai ciyar da shi kwana biyu ko uku a shagunan da ke kewaye da Harami, balle a wurin matan Takari masu tuwo da miyar kuka. A hanyar komawa Baba Alhaji ya ce wannan almubazzaranci ne da riya. Ya ce shi a Salga aka haifi uwarsa, duk rayuwarta ba ta ci wani abu ba sai abin da mai wurin nan yake alfahari da shi: dawa daga gonar gida, kuka daga bishiya, daddawa daga ɗorawa, nono daga ruga. Ba wanda ya ce mata mai gata ce, talaka ake ce mata. Ya ce, "Yau an ɗauki abincin talaka an sa masa sunan Turawa, wai oganik, an rataya masa fitila, an hana talaka shiga. Kuma a ina? A garin da Umaru ɗan Haɗɗabi ya rantse, a shekarar yunwa ta 18 bayan hijira, ba zai ɗanɗana man shanu ba sai jama'a sun samu, ya yi ta cin mai har launinsa ya sauya."

Maganar nan tana da nauyi, ba mu kuwa raina ta ba. Amma saurayin nan na Hambog ya ba da amsar da ta sa mu shiru. Ya ce, "Baba, gafara dai, wa ya cire ciyawar gonar nan da hannu?" Mun gan su da idonmu, baƙi ne ma'aikata, irin waɗanda suka baro iyalinsu a Bangaladash da Pakistan da Sudan. Gonar da ba a fesa wa magani ba tana cin hannu da yawa, amfaninta kuma sau da yawa bai kai na wadda aka zuba wa taki ba. Dabino yana da wani jan ƙwaro mai cin cikin itace, wanda ya shigo ƙasar tun shekarun 1980, manomin da ya ƙi magani sai ya yi ta bin itatuwansa ɗaya ɗaya yana dubawa. Ruwa kuma a ƙasar nan ba wasa ba ne. Saudiyya ta taɓa noma alkama har tana sayar wa duniya, ta yi ta zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda ba ya komowa, sai a 2008 hukuma ta ga abin ba zai ɗore ba ta fara janye hannu. Ya ce in haka ne, tsadar kwanon nan kuɗin gumi ne da kuɗin ruwa, arhar wancan kwanon kuwa wani ne yake biyan cikonta, ko ma'aikaci, ko ƙasa, ko cikin mai ci.

Mun juya maganar nan kwana da kwanaki, ga inda muka tsaya. Ba mu ga laifi ga wanda Allah ya hore wa ya sayi abinci mai tsabta da tsada ba, muddin kuɗin yana isa hannun wanda ya yi wahala. Malamai sun koya mana abinci yana da sharaɗi biyu, ya zama halal, ya kuma zama ɗayyib, watau mai kyau mai tsarki. Mu mutanen zongo mun ƙware a na farko. Za mu tambayi wanda ya yanka kaza, da inda ya fuskanta, da abin da ya faɗa. Amma kajin nan masu ƙanƙara da ake saukewa a Tema cikin kwali, wa ya taɓa tambayar watanni nawa suka yi a jirgin ruwa? Latas da kabejin da muke ɗorawa a kan waake, da yawansu 'yan'uwanmu ne suke noma su a gefen magudanan Ankara, da ruwan kwata suke ban ruwa domin shi suke da shi. Mun sani, muna ci, muna cewa Allah ya tsare. Dattawanmu sun tuna zamanin da ake zuba Gamalin, maganin ƙwarin koko, a rafi don a kama kifi, a kawo kasuwa. Duk wannan ba a cikin babin yanka yake ba, shi ya sa muke wuce shi.

Sai dai kada samari su ɗauka mun ba su gaskiya duka. Mai wurin nan ya ce komai na gida ne, amma da Baba Alhaji ya nuna shinkafar da ke ƙarƙashin ragon ya ce wannan fa, sai ya yi murmushi ya ce daga Indiya take. Hel ɗin sobiyar ma ba a Madina yake tsirowa ba. Ba mu ce ya yi ƙarya ba, amma ya faɗi rabi ya bar rabi, a garin da ake ba da labarin yarinyar nan da ta ƙi bin uwarta a kan zuba wa nono ruwa cikin dare, Umaru yana ji daga bayan gida, har ya aurar da ita ga ɗansa Asimu. Kalmar oganik ita ma tana iya zama ruwa a cikin nono. A 2012 wasu likitoci na jami'ar Stanford a Amurka sun tattara bincike mai yawa a kan abin, suka ga irin wannan abinci bai fi sauran gina jiki da wani abin kirki ba, abin da ya fi su shi ne ƙarancin ragowar maganin ƙwari. Wannan amfani ne, amma bai kai yadda ake kururuta shi ba. Wanda kuma yake ganin duniya duka za ta bar taki gobe da safe, ya tambayi mutanen Siri Lanka. A 2021 hukumarsu ta hana shigo da takin zamani farat ɗaya, shinkafa ta faɗi, abinci ya yi tsada, kafin shekara ta ƙare aka janye dokar. Matar da take da 'ya'ya shida da kuɗin cefane na mutum biyu, ba mai bakin da zai ce mata ta bar tumatirin gwangwani. Yunwa ita ma guba ce, ta kuma fi saurin kisa.

Abin da ya fi ci mana rai a ƙarshe namu ne, ba na Larabawa ba. Baba Alhaji ya ce an ƙwace wa talaka abincinsa. Mu dai da muka duba, mun ga da hannunmu muka saki da yawansa. Tsohuwa mai daddawa tana zaune a bakin kasuwa, sai mun taya ta har ta kusa kuka kafin mu saya, sa'an nan mu shiga kanti mai sanyi mu biya abin da aka rubuta a jikin kwali ba tare da ko tari ba. Yaranmu suna jin kunyar a ji warin daddawa a rigarsu a makaranta. Albasar Galmi da 'yan'uwanmu suke sauke wa gari duka, da furar gero, da zogale, da lamurji, da zoborodo, ba su da fitila ba su da allo, don haka ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Alhali tsiren da kakanninmu suka kai Hijaz har yau ana sayar da shi a can da sunan siriya, Larabawa suna layi a kansa. Muna jiran wani ya zo daga waje ya sa wa kayanmu tsada kafin mu yarda suna da daraja, ranar kuwa mu ne za mu tsaya a bakin ƙofa muna cewa an hana mu shiga.

Akwai rijiya a Madina da ake kira Ruma, wadda mai ita yake sayar da ruwanta, Usmanu ɗan Affan ya saye ta ya bar wa jama'a, har yanzu kuma akwai gonar dabino a wurin. Mun je mun tsaya a bakin shingenta. A nan ne wani cikinmu ya kawo zancen filin nan da ke bayan makarantar allo, wanda ya zama juji shekara da shekaru, ya ce me zai hana ƙungiya ta share shi, a zuba takin awakin da muke rasa inda za mu kai, samari su shuka alayyafo da kuɓewa da yakuwa, a sayar wa matan unguwa a kuɗin kasuwa. Baba Alhaji ya ce samarin yanzu ba za su riƙe fartanya ba. Saurayin Hambog ya ce dattawan yanzu ba za su saki filin ba. Mun sa maganar a cikin abin da za a tattauna a taron wata mai zuwa, duk mai ra'ayi ya zo da shi.

Sobiyar kuwa, mai masaukinmu ya ƙulla mana saura a leda muka tafi da ita masauki. Firjin ɗakin ya lalace, muka manta da ita a bakin taga. A rana ta uku da la'asar Baba Alhaji ya ga ledar ta kumbura, ya kwance, ya shinshina, ya miƙa wa Malam, Malam ya shinshina ya girgiza kai. Baba Alhaji ya kai ta makwarara da kansa ya tuttular, yana ta mita a kan kuɗin da aka kashe.