Ba da amsa: taimako ne ko cuta?

A nan Abala, duk wanda ya taka aji na gaba ya zama ɗakin karatun ƙannensa. Da marece sai ka ga an miƙo maka kaye: “Yaya, mushe ya ce mu rubuta wani abu a kan wasan kwaikwayo.” Wani a kan zane, wata a kan tufafi. To, in rubuta masu amsa, ko in hana? Wanga ita ce tambayata.

Masu cewa a hana suna da hujja: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Amma ni ban yarda da hani ɗungum ba. Yaron da ba shi da littafi, salular gidansu ba intanet, wataƙila ma rashin tsaro ya raba shi da makarantar ƙauyensu, ina zai samo labarin Moliyer, marubucin wasan kwaikwayo na Faransa da ya rasu a 1673? Ina zai ji cewa Alfadi ya buɗe bikin tufafi na FIMA a 1998 a hamadar Tigidit, kusa da Agadas? Ko cewa a Dabus akwai raƙuman dawa da aka sassaƙa jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce? Irin wanga sani kamar ruwan rijiya ne. Hana shi rowa ce, wallahi.

Sai dai tambayar tana da rabi na biyu: “Mine ne ra'ayinka?” Nan nake tsayawa. Me ya sa wasan Yazi Dogo a Tele Sahel ke sa mutane dariya alhali yana caccakar halinsu? Me ya sa ɗinkin wuyan babbar riga a kasuwar Filinge ke jan ido? Amsar na cikin idon mai kallo. In na rubuta masa, na ara masa idona, nasa ya rufe. Zai samu maki, amma gobe duk abin da wani babba ya ce “kyakkyawa ne” ko “banza ne”, haka zai haɗiye. Kuma abin ba zai tsaya ga zane da riga ba.

Don haka ƙa'idata ke nan: suna, shekara da wuri, in ba shi kyauta. Ra'ayi kuwa, sai in zauna in tambaye shi abin da ya gani, in yi haƙuri har ya faɗa da bakinsa, ko da bai yi daidai da nawa ba.