Asuwaki Kafin Wazifa

'Yan'uwa, bakin da zai karanta Salatul Fatihi 50 a wazifa ya cancanci tsafta. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ba don gudun tsananta wa al'umma ba, da Annabi (SAW) ya umarce su da asuwaki a kowace salla. Har a jinyar ajalinsa, Nana A'isha ta tausasa masa asuwaki ya goge.

A Damargu kuwa, daga Tanut har Balbeji, muridi kan sha shayi dahuwa uku, sukari cunkus, ya miƙe zawiya bai ko kurkure ba. Sukarin nan ke rarake haƙori, mai ciwon haƙori kuma ina zai samu halartar zuciya a zikiri? Ga aduwa ko'ina. A karyo reshe, a tauna kansa, a goge bayan shayi da kafin barci.