JIKINMU AMANA NE: NASIHA GA JAMA'AR TASAWA DA MAYAHI A KWANAKIN TSANANI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, kowanenmu ya san kwanakin da ke tsakanin ƙarewar hatsin bara da nunar na bana. Daga Maijirgi zuwa Korgom, daga Kanambakashe zuwa garuruwan bakin Gulbin Kaba, a watannin nan ne rumbu ke yin ƙasa, kuɗin tiya ke hawa, noma kuma ke neman ƙarfin da ciki bai samu ba. Dattawanmu sun ga yunwar 1973 zuwa 1974, da ta 1984 wadda aka yi wa laƙabi da El Buhari. Mun ga ƙarancin cimaka na 2005, bayan ƙarancin ruwa da ɓarnar fara a 2004, sa'ad da cibiyoyin tamowa na jihar Maraɗi suka cika da yara. Mun ga tsadar da ta biyo bayan rufe iyaka da Najeriya a 2023.

A irin wannan hali akwai kuskuren da muke yawan yi: mutum ya yi watsi da lafiyarsa, ya ce haƙuri yake yi. Alhali jikin nan amana ne, kuma in maigida ko uwargida suka kwanta ciwo a tsakiyar damina, gidan ne gaba ɗaya ya kwanta.

Imamu Buhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i, Allah Ya yarda da su, ya tarar ya juya wa duniya baya. Da aka kawo abinci, Salmanu ya ƙi ci sai da mai masaukinsa ya karya azumin nafila suka ci tare. Da dare ya hana shi tsayuwa, ya sa shi barci har ƙarshen dare, sannan suka yi salla. Ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa, da ransa, da iyalinsa, kowa na da haƙƙi a kansa. Manzon Allah (S.A.W.) ya gaskata Salmanu. Haka nan a Suratu Maryam, lokacin da naƙuda ta kai Nana Maryamu gindin dabino har ta yi fatan mutuwa, an hana ta baƙin ciki, aka umurce ta ta girgiza dabinon, ta ci, ta sha, ta kwantar da hankalinta. Ashe ci da sha da hutawa ba sa rage tawakkali.

Ya tabbata a hadisin Nana A'isha cewa Allah Ya fi son aikin da aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Saboda haka muke ba da shawara mu ɗaura kula da kanmu a kan salloli biyar, domin su ne abin da ba ma mantawa.

Bayan Asuba, mu yi zikirin safe, mu sha ruwa, mu sa wani abu a ciki ko da kunu ne kafin mu ɗauki hauya. Muna jan kunnen samarinmu game da ƙwayar tiramol da ake haɗiya don ƙarfin aiki. Ɓoye gajiya take yi, ba ta kawar da ita, ga kamu, ga farfaɗiya ga wanda ya yawaita.

Bayan Azahar, mu yi ƙailula a inuwa ko da ta ɗan lokaci ce. Magabata sun san ta, kuma wanda ya huta ya fi daɗewa a kunya.

Bayan La'asar, mu duba jikinmu da na yaranmu. Zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba, kuma jinkiri ne ke mai da shi ajali. Kada mu tsaya ga maganin tebur. A 2006 hukuma ta ɗauke kuɗin duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 da na awon ciki, sai mu yi sammakon zuwa likita. Dattijon da ke yawan ciwon kai ko jiri ya je a auna jininsa, domin hawan jini ba ya sallama.

Bayan Magariba, mu zauna da iyali. Sau da yawa mai ciki da mai shayarwa su ne na ƙarshe a bakin ƙwarya, wani lokaci su kwana da ƙanzo. Maigida ya tambaya ko ta ci, domin cinta cin mutum biyu ne. Kada mu raina zogale da tafasa da wake.

Bayan Isha'i, mu ajiye waya da rediyo, mu shiga gidan sauro da wuri. Lissafin bashi da tsakar dare bai taɓa biyan ko dala ba. Mu kai kukanmu ga Allah kamar yadda Annabi Yakubu (A.S.) ya yi. Wanda kuwa barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya daina son shiga mutane, to ya faɗa wa liman ko amini, ya ga likita. Ciwon zuciya ciwo ne, ba raunin imani ba ne.

Akwai kuma haƙƙi a kan jama'ar masallaci. Wanda muka rasa a sahu kwana biyu, mu taka zuwa ƙofarsa. Matan da mazajensu suka tafi bida Kano ko Agadas ko Libiya, a tura matanmu su leƙa su. Mai sauran hatsi ya ranta wa maƙwabcinsa tiya da tiya, ba tare da ƙari ba, domin ƙarin riba ne.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya cika rumbunanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya. Amin.