Ɗan malami a gidan abokin gaba

A Indiya, mabiya addinin Hindu na kiran tauraron da muka sani da Mushtari da sunan Brihaspati. A aƙidarsu shi ne malamin allolinsu, shi ke ba su shawara in yaƙi ya taso. Har ranar Alhamis sunanshi ta ci: Guruwar, wato ranar malami. Abokan gabar allolin, da ake ce ma asura, su ma suna da nasu malamin, Shukra, wanda shi ne tauraruwar da mu ke kira Zara.

Littafin Mahabharata ya kawo labarin da ya sa ni wanga rubutu. Shukra ya san asirin tada matattu, Brihaspati bai sani ba. Kullum aka gwabza, asura da sunka faɗi sai su tashi, na ɓangaren alloli kuwa sun tafi ke nan. Sai allolin suka roƙi Kaca, ɗan Brihaspati, ya je ya yi almajirci wurin Shukra don ya samo asirin. Shukra ya san ɗan wane ne, amma ya karɓe shi. Asura suka yi ta kashe yaron, malamin na maido shi. A ƙarshe suka ƙone shi, suka zuba tokar cikin giya, suka ba Shukra ya sha. To fa! In yaro ya fito, cikin malami ya fashe. Dole Shukra ya koya mashi asirin yana cikin cikinshi. Kaca ya fito, malam ya mutu.

Nan ne tambayar take. Kaca ya samu abin da ya zo nema, kuma ga babban makamin abokan gaba kwance ba rai. Da ya juya ya tafi, da ya gama ma ɓangaren ubanshi yaƙi gaba ɗaya. Bai tafi ba. Ya tada malamin.

Wani zai ce ya ci amanar waɗanda sunka aiko shi, kuma maganar ba ta banza ba ce, don Shukra zai ci gaba da tada mayaƙan da za su kashe ƴan uwanshi. Ni dai ina ganin daidai ya yi. An aiko shi neman ilimi, ba a aiko shi kisa ba. Kuma tun ranar da ya durƙusa gaban Shukra, wani bashi ya hau kanshi wanda gaba ba ta sharewa. Da ya yi amfani da karatun farko wajen barin mai karatun a mace, wa zai sake buɗe ƙofa ga ɗan wani gida?

Ƴan uwa ɗalibai, kowanenmu na da malamin da bai yarda da ra'ayinshi ba, wataƙila ma yana shirin ƙaryata shi gobe. Ka ƙaryata shi da hujja, ba laifi. Amma ka tuna a bakinshi ka koyi yadda ake kafa hujjar.