Mai Ciwon Karkarwa Da Sallar Asuba

Wani mai karatu daga Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, ya aiko da tambaya game da mahaifinsa. Tsohon ya shekara arba'in ba a riga shi sahun Asuba ba. Yanzu ciwon karkarwa ya kama shi, yana kwana ido biyu, in barci ya ɗauke shi sai ihu da naushi, gari ya waye bai farka ba. Mutanen gida sun fara cewa iska ce.

Ɗan'uwa, wannan ciwo sananne ne. Wani likita a Landan, James Parkinson, ya yi bayaninsa tun 1817, kuma da sunansa ake kiransa. Asalinsa raguwar wani sinadari ne a ƙwaƙwalwa. Da dare ƙarfin magani kan ragu, jiki ya sandare, juyi a kan shimfiɗa ya gagara, fitsari ya yi ta tayar da mutum. Ihun nan kuwa mafarki ne yake aikatawa da gaɓoɓinsa, domin abin da ke ɗaure jikin mai barci ya kwance. A yi masa addu'a, amma a kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, a faɗa wa likita yadda darensa yake. Kada kowa ya ƙara ko ya rage magani da ka.

Batun salla fa? Muslim ya ruwaito cewa a hanyar dawowa daga Haibara, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa Bilal gadin alfijir. Barci ya rinjayi Bilal, ba wanda ya farka sai da rana ta taɓa su. Suka gusa daga wurin, suka yi salla. In haka ta sami mafificin halitta, wa zai zargi dattijo maras lafiya? Ya yi salla sa'ad da ya farka, a zaune ko a kwance in tsayuwa ta faskara, kamar yadda aka umarci Imrana ɗan Husaini.

Abin da ya rage naku ne. Ku hana shi goro da shayi bayan La'asar, ko da zai yi fushi, kuma na san zai yi. Ƙailula ta zama gajera. A sauke katifa ƙasa, a bar fitila da buta kusa, a sa wani ya kwana inda zai ji motsinsa.