Waƙar da Mamaya ta Kawo, ta Wa ce?

Domenico Zipoli ya rasu a Kordoba, cikin ƙasar Ajantina ta yau, a watan Janairun 1726, shekaru kaɗan kafin a kafa sarautar Damagaram. An haife shi a Prato ta Italiya a 1688, ya yi suna a Rum wajen kaɗa ogan, babban abin kiɗan coci mai bututu. A 1716 ya bar wannan ɗaukaka ya shiga ƙungiyar limaman Jezuwit, a 1717 kuma ya hau jirgin ruwa daga Kadis zuwa ƙasashen da Sifaniya ta mamaye. Bai cika shekara tara a can ba, kuma har ya mutu ba a naɗa shi limami ba, don babu bishop a garin. Ya bar waƙoƙin ibada na taron muryoyi tare da goge, waɗanda aka yi ta kwafa da hannu har suka kai dazuzzukan Chiquitos da Moxos a Boliviya, inda bai taɓa taka ƙafarsa ba.

Mutumin Damagaram, wanda sojojin Faransa suka shiga birninsa a 1899, yana da haƙƙin ya tambaya: waƙar da ta zo a inuwar bindiga tana iya zama ta waɗanda aka ci da yaƙi? Ni ina ganin tana iyawa, kuma hujjata ita ce abin da ya faru bayan 1767. A shekarar nan Sarki Carlos na Uku na Sifaniya ya kori Jezuwit daga dukan ƙasashensa. Malaman suka tafi, amma mutanen garuruwan da suka kafa a Chiquitos da Moxos ba su watsar da takardun waƙoƙin ba. A Moxos, in takarda ta tsufa sai wani dattijo ya zauna ya sake rubuta ta, alama bayan alama, ya miƙa wa na baya, har cikin ƙarni na 20. Da Hans Roth, maginin nan ɗan Siwizalan, ya fara gyaran majami'un Chiquitos a 1972, dubban shafuka aka tarar a ajiye. Ba a yi wa mutum dole shekara ɗari biyu bayan mai dolen ya tafi. Wanda ya riƙe abu a lokacin da yake da ikon yar da shi, ya mallake shi.

Wani zai ce daɗin murya yana rufe zalunci, kuma maganarsa tana da nauyi. An tattara mutane daga dazuzzukansu, an tsara musu yini da ƙararrawa, akwai bulala, kuma waƙoƙin kakanninsu da yawa sun ɓace. Babu waƙar Zipoli da za ta biya wannan asara, kuma duk mai saurarenta ya kamata ya san haka. Amma laifin yana wuyan wanda ya aikata shi. In muka ce jikan wanda aka zalunta ba shi da ikon son abin da kakansa ya adana, mun sake ƙwace masa zaɓi, mun kuma yanke hukunci a kan niyyar da ke zuciyarsa lokacin da yake yabon Ubangiji, alhali wannan ba hurumin ɗan Adam ba ne.

Ƙofar fadar Damagaram ma shaida ce. Masarautar ta daɗe tana kai gaisuwa Barno, algaita kuwa ta hanyoyin Sahara ta iso ƙasashenmu, amma in ta tashi tare da kakaki ranar hawan Salla, babu mai kiranta baƙuwa. A 1906 Faransawa suka tuɓe Sarki Ahmadu Ɗan Basa suka ɗora Ballama, bawan fada, a kan mutane. Sarautar ta shiga hannun Nasara, duk da haka mabusa da makaɗa sun riƙe sana'arsu sun koya wa ƴaƴansu, kuma da mulkin mallaka ya ƙare a 1960 ba wanda ya ce a fasa tambura don sun yi zamani da shi. Haka ƴaƴan Chiquitos suke rera Zipoli yau a majami'un San Javier da Concepción, kuma tun 1996 suke karɓar baƙi daga Turai masu zuwa su ji waƙar a bakinsu.