Ramin da Ya Ƙi Shan Ruwa

Wani Alhaji ya gama ginin gidansa a bayan birnin Kano, ya ce lallai sai farfajiya ta yi kore kafin iyali su tare. Ya sayo dashen mangwaro da lemo da furanni cike da a-kori-kura, aka dasa, ana ban ruwa safe da yamma. Ba a rufa wata biyu ba ganye ya yi rawaya, lemon ya bushe. Alhaji ya ce mai sayar da dashe ne ya cuce shi. Ya sake sayowa a wani wuri, har da buhun takin zamani. Na biyun ma suka bi sahun na farko.

Maigadinsa dattijo ne da ya tsufa yana noman rani a Kadawa. Ran nan ya gaishe shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in tona rami ɗaya."

"Baba, ruwa ina ba su, taki ina ba su. Me ya rage?"

"Ƙasar ce ba a duba ba."

Diga ta sha wuya kafin ramin ya kai gwiwa. Abin da ya fito: ɓaraguzan bulo, busasshen siminti, ledoji, sai jar marmarar da aka yi ciko da ita. Dattijo ya cika ramin da ruwa da hantsi. Har aka kira magariba ruwan yana nan.

"Ka gani, Alhaji? Tifa ta yi shekara tana taka wurin nan, ya daskare kamar daɓe. Saiwa tana buƙatar iska. Ruwan da ake zubawa ba ya wucewa, ruɓar da ita yake yi."

Ya ɗebi ƙasar a kwalba, ya zuba ruwa, ya girgiza, ya ajiye. Yashi ya kwanta nan take, laka ta kwana ba ta gama sauka ba. Ɓurɓushin ruɓaɓɓen ganye da kan taso sama a ƙasar gona kuwa, babu ko ɗaya.

'Yar Alhaji, da ke karatun aikin gona a Jami'ar Bayero, ta kai samfuri ɗakin gwaji. Awon pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ƙasa, ya haura 8, alhali yawancin itatuwan lambu sun fi son 6 zuwa 7. Siminti ne ya jawo haka, kuma a irin wannan ƙasa shuka ba ta iya zuƙar sinadarin ƙarfe. Rawayar ganyen ke nan. Mai dashe dai ya sha zagi a banza.

Aka kwashe ɓaraguzai, aka farfasa ƙasa, aka tona ramuka masu zurfin mita ɗaya. Aka kawo ƙasar gona aka gauraya da kashin shanun da ya riga ya ruɓe, don ɗanye yana ƙona saiwa. Dattijo ya hana dashe sai da ruwa ya zauna a watan Yuni, ya kuma rufe gindin kowace shuka da busasshiyar ciyawa. Kafin kaka, mangwaro ya yi sabon toho.

Kai da ke shirin gini, kafin tifar farko ta shigo filinka, sa a kwashe ƙasar sama a tara ta gefe guda, kuma ka ware wa magina wurin kwaɓa siminti.